Ingancin bincike, amfanin jama'a da lafiyar mai binciken: amsa ga wata malama a Gombe

Malama, na karanta tambayarki fiye da sau ɗaya kafin na zauna rubuta amsa. Kin ce kina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir, kina nazarin zaizayar ƙasa a cikin garin Gombe, kuma masu duba aikinki biyu ne: ɗaya masanin ƙasa wanda ba ya yarda da abin da ba a auna ba, ɗaya kuma masanin zamantakewa wanda yake ganin awo bai da wani amfani muddin ba a saurari mutanen da kwari ke cinye wa gidaje ba. Mutanen unguwar da kike aiki sun fara tambayarki yaushe za su ga abin da binciken zai haifar, a sashenku ana tambayarki maƙala nawa kika buga, ga koyarwa, ga yara biyu a gida, har barci ya fara gagarar ki. Kina so ki san wanne za ki sassauta wa a cikin ukun nan, ingancin aiki ko amfanin jama'a ko lafiyarki, domin sauran biyun su tsira.

Na shafe sama da shekara ashirin ina aikin ruwa da ƙasa tsakanin Bauchi da Gombe, kuma kusan duk wanda na gani ya shiga irin halin da kike ciki, har da ni kaina a wani lokaci, ya ɗauki tambayar da ta fi ƙarfin lokacinsa da kuɗinsa ne. Saboda haka abin da zan ce ki rage shi ne girman tambayar da faɗin wurin da kike aiki. Idan kika yi haka, ukun nan za su daina cin juna, domin abin da yake haɗa su faɗa shi ne gaggawa.

Kwarin Gombe kansa ya isa ya nuna cewa masu duba aikin naki duk suna da gaskiya. Garin yana kwance ne a gindin tudu, ƙasarsa kuma mai rairayi ce wadda ba ta iya riƙe kanta da zarar ruwa ya sami hanya. Tun daga 1996 da aka ƙirƙiri jihar Gombe garin ya zama babban birni, gonakin da a da suke shanye ruwan sama suka koma gidaje masu rufin kwano da tsakar gida mai siminti da tituna masu kwalta, ruwan da ƙasa take sha a hankali ya koma yana taruwa cikin ɗan lokaci yana gangarowa da ƙarfi. Wannan bayanin masanin ruwa da ƙasa ke nan. Amma wanda ya yanka fili a bakin kwari ya sayar, da magidancin da ya saya domin nan kaɗai kuɗinsa suka kai, da masu ɗiban yashi, da magudanar da aka gina aka tsayar da ita a rabin hanya tana zuba ruwa a kan ƙasa tsirara, da sharar da ta toshe kwalbati, duk waɗannan ma'aunin ruwan sama ba ya ganin su. Wanda ya san rabin farko kaɗai zai ba da shawarar a zuba kankare, bayan damina uku ya tarar kwarin ya ɓullo ta gefe. Wanda ya san rabi na biyu kaɗai zai rubuta koken jama'a mai taɓa zuciya, amma ba zai iya gaya wa injiniya yawan ruwan da magudana za ta ɗauka ba.

Sai dai ki san cewa haɗa fannoni yana da farashi, kuma ba a nan ƙasar kaɗai ba. A 2016 mujallar Nature ta buga wani nazari a kan buƙatun tallafin bincike sama da 18,000 da aka miƙa wa hukumar bincike ta Ostireliya, aka gano cewa iya yawan fannonin da buƙata ta haɗa, iya raguwar damarta ta samun kuɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: masu tantancewa mutanen fanni ɗaya ne, kowa yana duba ɓangarensa ya ga bai yi zurfin da ya saba gani ba. Haka abin yake a jami'o'inmu ranar ƙarin girma, domin takardunki za su je hannun masanin da zai tambaya ko wannan maƙala ta fanninmu ce. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su riƙe gida ɗaya. Ki zaɓi fanni guda wanda za ki iya tsayawa a gaban kowane farfesa ki kāre hanyoyinsa, sannan ki shiga ɗaya fannin a matsayin baƙuwa mai ladabi wadda ta koyi harshen masu gida, ta kuma san inda iliminta ya tsaya. Elinor Ostrom, wadda ta karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009 saboda nazarin yadda al'ummomi ke tafiyar da dazuzzuka da wuraren kiwo da ruwan ban ruwa da suka yi tarayya a kai, masaniyar kimiyyar siyasa ce, kuma daga can ta miƙa hannu zuwa sauran fannonin. Abin da nake jiye miki shi ne ki fito da kundin da rabinsa awo ne mara ƙarfi, rabinsa hira ce mara tsari, kowane ɓangare yana fakewa da ɗan'uwansa.

Inganci a ɓangaren awo abu ne mai sauƙin faɗa, mai wuyar jurewa. Turakun ƙarfe da ake kafawa a bakin kwari domin auna yadda yake ci, ma'aunin ruwan sama a kusa da wurin wanda ake karantawa a lokaci ɗaya kullum, awo kafin babban ruwa da bayansa da tef ɗin nan dai da kika saba, da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da za su nuna inda bakin kwarin yake shekaru goma da suka wuce. Sannan ki tsaya inda alƙalumanki suka tsaya. Damina biyu za su nuna miki yadda kwari ɗaya yake ci, amma ba za su ba ki izinin cewa sauyin yanayi ne ya jawo ba, ko da kuwa masu ba da tallafi sun fi son jin wannan kalma. A ɓangaren hira kuwa, ingancin yana cikin tambayar su wa kika saurara. Idan mai unguwa ne ya zaɓar miki mutane, to kin ji muryar makusantansa. Mai gida da ɗan haya ba su kallon kwari da ido ɗaya, matar da take cikin gida ita ta san daren da ruwa ya shigo ɗaki da abin da aka sayar aka gyara katanga, kuma mutanen da abin ya fi shafa ba za ki same su a unguwar ba sam, domin gidajensu sun riga sun rufta sun tashi. Bin sawun gida biyar daga cikin waɗanda suka tashi ya fi takardar tambayoyi ɗari uku da aka raba a bakin masallaci.

Bari in ba ki labarin abin da ya gyara mini tunani a kan alaƙar inganci da amfani. Shekarun baya wata ƙungiya ta nemi in tantance aikin dashen itatuwa da ta yi a wani ƙauye a arewacin jihar Bauchi. An yi dashen a watan Agusta da biki, an ɗauki hotuna, kuma abin da suke so a rahoto shi ne adadin da aka dasa. Na ce sai na koma cikin bazara. Da muka je a watan Afrilu, filin da aka dasa a bayan gari ya koma fayau, sai ramuka da guntayen ledar da aka raino dashen a ciki, domin bayan kaka an saki dabbobi kamar yadda aka saba, kuma babu mutum ɗaya da aka ce itatuwan nasa ne. Muna shirin tafiya sai wata dattijuwa ta ja ni zuwa cikin gidanta, ta nuna mini darbejiya da zogale sun kai ƙuguna a daidai inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, ta kewaye su da ƙaya da tsohuwar tabarma. Ashe ranar bikin an rarraba wa mata ragowar dashen, su kuma suka kai gida. Muka bi gida-gida, muka tarar yawancin abin da ya rayu a ƙauyen yana bayan katanga, inda abokan aikina maza ba su da ikon shiga. Da na rubuta adadin da aka dasa, da kowa ya ji daɗi, da kuma an maimaita kuskuren a ƙauye na gaba. Ƙirgen da na dage sai na yi, wanda aka ɗauka tsaurin kai ne na malaman jami'a, shi ne ya zama abu mafi amfani da na bar musu. Yanzu da ake ta dashe a ƙarƙashin shirin katangar itatuwa ta Afirka, wanda Bauchi da Gombe suke cikin jihohinsa 11 a Najeriya, da shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019, tambayar itace nawa ya rayu, a hannun wa, tana bukatar masu bincike irinki. A ƙasashen Maraɗi da Damagaram ma, abin da ya farfaɗo da miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980 shi ne manoma sun riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski, domin sun san itacen nasu ne.

To, mene ne hakkin mutanen unguwar a kanki? Na farko shi ne gaskiya tun ranar da kika fara sallama. Kada ki bari su ɗauka zuwanki yana nufin gwamnati za ta kawo kankare, ko da shirunki ne zai sa su ɗauka haka, domin wanda ya yi alkawari da shiru shi ma za a bi shi bashi. Na sha jin magidanci yana cewa, “Kun sake dawowa aunawa?” kuma wannan tambaya tana da zafi saboda an sha zuwa an tafi ba a waiwaye su ba. Abin da yake hannunki ki ba su shi da wuri: taswirar da ta nuna gidajen da suka fi kusa da haɗari, taƙaitaccen bayani da Hausa a takarda ɗaya, zama da mai unguwa da limami da matan unguwa a ƙarshen kowace damina ki gaya musu abin da turaku suka nuna. Kwafin wannan taswira ki kai wa ma'aikatar muhalli da ofishin ACReSAL na jiha, shirin da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda gyaran ƙasar da ta lalace yake cikin ayyukansa. Ko su yi amfani da ita ko kada su yi, kin sauke naki, kuma mai unguwa yana da takardar da zai riƙe idan ya je neman taimako.

Babban amfani kuwa, irin wanda yake sauya shawarar hukuma, yana zuwa ne a hankali, kuma inganci ne yake ba shi tsawon rai. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki da na labarin ƙasa, cikinsu har da Edward Barbier da William Adams, suka ƙididdige abin da fadamar Haɗeja da Nguru take samarwa ta noma da kamun kifi da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar yana samar da arzikin da ya fi na ruwan da aka tare a sama domin manyan ayyukan ban ruwa. Wannan lissafi yana cikin hujjojin da masu adawa suke kawowa duk lokacin da aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba, alhali mutanenmu na Bauchi da yawa suna fatan a gina ta. Na kawo wannan ne domin ki san cewa wata rana sakamakonki zai iya ɓata wa mutanenki rai, kuma a ranar babu abin da zai tsaya miki sai tsabtar aikinki. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi sama da shekara goma yana komawa ƙauye ɗaya, Dagaceri, bayan farin shekarun 1970, kuma daɗewar nan ce ta ba shi damar nuna cewa manoman Arewa suna da dabarun jure fari da masu ziyarar mako guda ba su gani. Akwai lokacin da jira laifi ne, kamar gubar dalma ta Zamfara a 2010 wadda ta kashe yara sama da 400, inda likitoci da injiniyoyin muhalli da masu gari suka haɗu cikin hanzari, domin magani ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a kan ƙasar da take da guba. Idan turakunki suka nuna katangar wani ba za ta kai ƙarshen damina ba, ki gaya masa a ranar, kada ki jira mujalla. Sauran tambayoyin kuwa ki ba su shekarunsu.

Maganar lafiya na ajiye ta a nan ne saboda mutane suna ɗaukar ta wani abu daban da aikin, ni kuwa na koyi cewa tana cikin hanyar binciken. Wata shekara aikina ya faɗo cikin azumi a tsakiyar zafin Afrilu, wa'adin rahoto ya matso, sai na ɗora wa ɗalibai huɗu da ke taya ni takardun tambayoyi goma sha biyar kowanne a rana, a ƙauyukan da sai an yi tafiyar ƙafa tsakaninsu. Ni kaina a lokacin ba na samun barcin kirki, jinina ya hau, kuma ban taɓa zama na cike takarda ɗaya na ga minti nawa take ci ba. Da na zo shigar da bayanai sai na ga gidaje da yawa a jere suna da adadin awaki iri ɗaya da girman gona iri ɗaya. Na kira ɗaya daga cikin yaran, ya sunkuyar da kai ya ce, “Malama, wallahi bayan azahar ba ma iya tafiya, a gindin tsamiya muke ƙarasa su.” Na zubar da aikin mako uku, kuma laifin ya fi yawa a kaina, domin gajiyata ce ta sa na tsara abin da jikin ɗan'adam ba zai ɗauka ba. Tun daga ranar nake ɗaukar hutun mai bincike da abincinsa da kuɗin motarsa kamar yadda nake ɗaukar gyaran ma'auni. Kuma ki sani ba ke kaɗai ba ce: a binciken da Nature ta yi a 2019 a kan ɗaliban digirin digirgir sama da 6,000 a faɗin duniya, kashi 36 cikin ɗari sun ce sun nemi taimako saboda fargaba ko ciwon damuwa da karatun ya jawo musu. Namu kuma ga ƙarin nauyi, kamar yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 da ya tsayar da albashi da karatu, da tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wadda ta sa zuwa filin bincike ya zama abin lissafi.

Ƙanwata, rashin barcin da kika ambata kada ki raina shi. Ki je a auna jininki, kuma idan ya ɗauki makonni tare da faɗuwar gaba ko ƙuncin da ba ya tafiya, ki ga likita ki faɗa masa a fili, domin ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, addu'a da asibiti kuma ba sa hana juna. A gida ki zauna da maigidanki da wadda take taya ki riƙon yara ki nuna musu kalandar aikin, su san watannin da za ki yi wuyar gani da watannin da za ki dawo musu. Aikinki ma ya taimake ki a nan, domin kwari da damina yake ci. Daga Yuni zuwa Satumba lokacin awo ne, bayan kaka lokacin hira ne da mutane suka sami sarari, hunturu na rubutu ne, kuma babu dalilin da zai sa ki yi ukun a wata ɗaya. Matsin lambar buga maƙala kada ya kai ki ga mujallun nan da suke karɓar kuɗi su buga cikin mako biyu ba tare da tantancewa ba, domin suna nan a kan sunanki har abada, kuma masu ba da tallafi na waje suna gane su. Maƙala biyu masu kyau daga kundinki, ɗaya a mujallar fanninki ɗaya a mujallar da ta saba da aikin haɗin gwiwa, sun ishe ki a wannan mataki. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na binciken cikin jami'a ba su da yawa, amma sun dace da ƙaramar tambaya irin wadda nake kira ki koma gare ta.

Abin da ya rage shi ne masu duba aikin naki. A yadda kika bayyana, kina zuwa wurin wannan ya gyara, ki kai wa wancan ya warware gyaran, ke kuma kina tsakiya kina ɗaukar saƙo, kuma ina zaton rabin gajiyarki daga nan take. Ki roƙe su cikin ladabi, ta hannun shugaban sashe idan ta kama, su zauna tare da ke sau ɗaya kafin ruwan farko. Ki je da shafi guda wanda ya ƙunshi kwari ɗaya, unguwa biyu a bakinsa, da tambaya ɗaya, misali me ya sa wannan gefen yake ci fiye da wancan, kuma me mazauna kowane gefe suke yi a kai. Ki rubuta abin da za a auna da wanda za a saurara da abin da kika ajiye sai bayan digiri, ki nemi kowannensu ya sa hannu. Daga nan ki kafa turakunki a watan Mayu tun ƙasa tana bushe, ki nemi wani matashi a unguwar ki koya masa karanta ma'aunin ruwan sama, ki biya shi hakkinsa duk wata, ki kuma rubuta sunansa a shafin godiya idan ya amince.